Auta ya karye a baya a Ras Sudur, muna neman shawara da gudummawa

Usman Mai Wurno:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da izinin manya zan kawo wata magana mai nauyi. Ƙanina da muke ce wa Auta yana kwance a wani asibiti a nan Alƙahira, an yi masa aiki a ƙashin baya.

Tun da yaƙi ya fito da mu daga Khartum a 2023 yake fafutukar abin yi, har Allah ya haɗa shi da aiki a Ras Sudur, bakin teku a Sina ta Kudu, a wata makarantar koyon wasan kait. Ga wanda bai taɓa gani ba, wata ƙatuwar lema ce da ake hura wa gefenta iska, a ɗaura mata igiyoyi masu tsawon mita ashirin da 'yan kai, a maƙala su a ɗamarar da mutum ya sha a ƙugu. Sai ya hau wani allo, iska ta ja lemar, shi kuma ya yi ta sulu a kan ruwa. Da hura lema da wanke kaya ya fara, daga baya ya iya, har aka soma ba shi sababbin ɗalibai. Da wannan aikin yake biyan rabin hayar ɗakin da mahaifiyarmu take ciki a unguwar Faisal.

Ranar da abin ya faru yana gwada wata lema ce da aka gyara, kafin a miƙa wa ɗalibi. Iska ta taso bagatatan, ta ɗaga shi sama tun yana bakin gaɓa, ta maka shi a kan yashi. Abokan aikinsa ba su ɗaga shi ba sai da motar asibiti ta zo. Daga can aka taho da shi Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 200 ta ramin Ahmad Hamdi da ya bi ƙarƙashin mashigin ruwan Suez.

Likita ya ce ƙashi ɗaya ya murƙushe a daidai ƙarshen haƙarƙari, ya danne laka amma bai tsinka ta ba. An sa masa ƙarafa. Yana jin taɓi a ƙafar dama, ta hagu kuwa kaɗan-kaɗan. Mun sayar da abin da za mu iya sayarwa, mun ci bashi, har yanzu da saura. Na tura wa Malam Habibu hoton takardun asibitin duka. Ba shi da inshora kowace iri. Wanda Allah ya hore wa ya taimaka, wanda ya san hanya ya nuna mana.

Hajiya Rabi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu Usman, sannu. Allah ya tashi kafaɗunsa. Yaya mahaifiyar taku take? Ka turo mini lambarta ta gefe.

Bashir Damagaram:
Allah shi ba shi lahiya, shi sa kaffara ce.

Alhaji Ɗanjuma:
Allah ya ba shi lafiya. Amma Usman, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ba zan ɓoye ba. A zauren nan muna da ɗalibai a Madinatul Bu'us, masaukin baƙin ɗaliban Azhar, da ke kwana da yunwa tun da fam, kuɗin Masar, ya faɗi a watan Maris na 2024, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Muna da marasa lafiya da suka zo daga Kano da Maraɗi da ciwon ƙoda, kuɗinsu ya ƙare a tsakiyar jinya. Waɗannan ba su suka jawo wa kansu ba. Shi kuwa yaron nan da ƙafarsa ya je ya ɗaura kansa a jikin abin da iska ke wasa da shi. Allah ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka. Sannan wuraren nan na bakin teku mun san abin da ake yi a cikinsu da irin shigar da ake yi. Idan aljihun jama'a ɗaya ne, wa ya kamata a fara da shi? Kuma ina masu makarantar? Su da suka ci ribar ƙarfinsa su ya kamata su ɗauki jinyarsa, ba talakawan zaure ba.

Sani Tafinta:
Alhaji, tambayarka ta ƙarshe tana kan hanya, zan dawo kanta. Amma maganar da ƙafarsa ya je ban yarda ba. Aikina kenan kai marasa lafiya asibitoci ina yi musu tafinta, kuma na ga direban da ya yi gudun wuce sa'a ya karye, na ga mai gini da ya hau bene ba igiya. Ba wanda muka tsaya yi wa hisabi kafin mu haɗa masa kuɗin jini. Auta ba yawon shaƙatawa ya je ba, a bakin aikinsa yake. Mutumin da ya tsallako iyaka da riga ɗaya, ba shi da takardar izinin aiki, wace sana'a ce aka shimfiɗa masa ya zaɓa?

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Takardun suna hannuna, na duba, kuma na je na ga yaron da idona jiya bayan la'asar.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ayar da ka kawo ita ce ta 195 a Suratul Baƙara, kuma yana da kyau mu karanta ta daga farkonta. Da umarnin ciyarwa saboda Allah ta fara, sannan ta ce kada ku jefa hannuwanku cikin halaka. Abu Ayyub al-Ansari, Allah ya ƙara masa yarda, ya bayyana cewa a kansu ta sauka, lokacin da suka yi niyyar komawa kan dukiyoyinsu su bar ciyarwa. Malamai sun kafa hujja da ita wajen hana ganganci da rai, wannan gaskiya ne. Amma ba za a ɗauke ta a mai da ita dalilin riƙe hannu ba, alhali riƙe hannun ta zo hanawa.

Batun zakka, domin wasu sun tambaye ni ta gefe. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas. Wannan gida sun shiga ta ƙofa biyu: talakawa ne, kuma bashi ya hau kansu. Sharaɗin da malamanmu na Malikiyya suka sa wa mai bashi shi ne kada ya zama ya ci shi don saɓo ko almubazzaranci. Bashin tiyata ba ya cikin wannan. Abin da zan ja hankali a kai, zakka haƙƙin wanda aka ba ce. In za a biya asibiti da ita kai tsaye, a nemi izinin Auta ko na wanda bashin ke wuyansa, ya wakilta mai biya. Magana ce ta minti ɗaya.

Akwai kuma hadisin Ƙabisa, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci waɗanda roƙo ya halatta gare su. Cikinsu akwai wanda talauci ya same shi har mutum uku masu hankali daga mutanensa suka shaida. Ni na zama ɗaya. Ina neman mutum biyu su je su gani, don wanda zai ba da kuɗinsa ya bayar da natsuwa.

Usman, ga wanda bai san asalinku ba: mutanen Mai Wurno jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Yau ga jikokin sun sake wata hijirar. Ba baƙi ba ne a wurinmu.

Alhaji Ɗanjuma:
Na ji Malam, kuma ba na jayayya da kai a fagenka. Halacci daban, fifiko daban. Har yanzu ina nan a kan cewa mai wankin ƙoda da zai mutu in ya rasa zama biyu ya fi gaggawa. Kuma ba a ba ni amsar masu makaranta ba.

Bashir Damagaram:
Ni wata shawara gare ni. Kuɗɗin asibitin Masar ba su ƙarewa. Mu can gida akwai masu ɗori na gado, na ga wanda mota ta take ma ƙafa, cikin wata biyu ya tashi. In an haɗa kuɗɗin jirgi a kai shi gida, ba zai hi sauƙi ba?

Nafisa:
Yaya Bashir, don Allah a'a. Na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma wannan ita ce shawarar da na fi tsoro. Gashin ƙashi nake karantawa a Jami'ar Alƙahira, kuma irin waɗannan marasa lafiya muke gani a ɗakin koyon aiki.

Karayar ƙafa daban, ta baya daban. Laka kamar wayar lantarki take a cikin bututu, ƙashin baya shi ne bututun. Mai ɗori ja yake yi da murɗawa da dannawa. In aka yi wa bayan da aka sa wa ƙarafa haka, abin da ya rage na laka shi zai tafi, kuma ba ya dawowa. Abokan aikinsa da suka ƙi ɗaga shi daga yashi sun yi masa babban gata. Da an kinkime shi an cusa a tasi, da wata maganar muke yi yanzu.

Wurin da ya karye, inda bayan ƙirji ya haɗu da na ƙugu, nan ne karayar baya ta fi yawan faruwa in mutum ya faɗo daga sama. Yadda yake jin taɓi a ƙasan wurin alama ce mai kyau, amma ba wanda zai yi muku alkawarin zai taka ko ba zai taka ba. Likitansa ne kawai zai faɗi abin da yake gani. Abin da aka sani shi ne mafi yawan sauƙin da ake samu a watanni shida na farko yake zuwa, sannan ya ci gaba a hankali har shekara ko fiye.

Ga abin da nake so zaure ya gane. Kowa hankalinsa yana kan kuɗin tiyata, saboda shi ne babban adadi a takarda. Amma tiyata ƙashi ta gyara, ba ta koya wa ƙafa tafiya. Abin da ke kayar da masu irin wannan rauni bayan an sallame su yake zuwa. Gyambon kwanciya, in ba a juya mutum duk bayan awa biyu ba, dare da rana. Ciwon mafitsara, saboda robar fitsari da ake maimaita amfani da ita don tsada. Daskarewar jini a jijiyar ƙafa, wadda kan iya tafiya huhu ta kashe mutum farat ɗaya. Gaɓoɓi su sandare in ba a motsa su kullum. Sai ƙuncin zuciya, saurayi mai ƙarfi ya wayi gari sai an kai shi bayan gida.

Ranar da labari yake da zafi kowa zai bayar. Wata na uku, lokacin da ya fi buƙatar mai gashin ƙashi sau uku ko huɗu a mako, zauren ya koma wata hira. Shi ya sa nake roƙo, wanda zai ba da fam 1,000 yau, in zai iya ya raba shi fam 200 duk wata har wata biyar. Kuma ana buƙatar katifar iska, da keken guragu daidai jikinsa, da ɗaki a ƙasa. Yaya Usman, a hawa na nawa kuke?

Usman Mai Wurno:
Na huɗu, kuma ba lif. Wallahi ban ma yi tunanin wannan ba sai yanzu.

Hajiya Rabi:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Abin da kika faɗa na gan shi a kan maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin da ya yi shanyewar ɓarin jiki. Makon farko gida ba masaka tsinke. Da aka kwana biyu sai ni da yara. Mai jinya ma jinya yake buƙata, kuma uwar nan ba yarinya ba ce, ba za ta iya juya ƙato ita kaɗai da tsakar dare ba. Samarin zaure, wanda ba shi da ko fam ɗaya yana da hannu. A tsara kwana, biyu-biyu. Abinci kuma mu mata mun ɗauka.

Alhaji Ɗanjuma, masu ƙoda ba mu manta da su ba, kai ma shaida ne. Ba a taɓa rufe ƙofar wani don an buɗe ta wani ba.

Aminu Hambug:
Salam. Ina Jamus amma ban fita daga zauren ba tun ina karatu a nan. Ina yin wasan nan a bakin Tekun Baltik lokacin zafi, don haka bari in ce wani abu, musamman ga Baba Alhaji.

Wasan yana da haɗari, ba zan ɓoye ba. Amma ba hauka ba ne, yana da ƙa'ida da horo, har ya shiga gasar Olamfik a 2024, aka yi tserensa a Marsay ta Faransa. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su suka ƙirƙiro lemar da ake hurawa tun a 1984. A farkon zamanin ba a iya rabuwa da lema da sauri in ta fi ƙarfin mutum. A 2002 wata gwanar wasan Bajamushiya, Silke Gorldt, ta rasu a Zingst lokacin gasa, lema ta ja ta ta kasa kwancewa. Bayan wannan aka matsa wa masu ƙera kaya, yanzu a inda igiyoyin lema ke maƙale da ɗamara akwai makunnin da za ka tura da hannu ɗaya lemar ta saki ƙarfinta.

Sai dai abin da ya sami Auta shi ne wanda muka fi tsoro. A cikin ruwa mai zurfi in ka faɗo ruwa ne zai tare ka. Lokacin tayar da lema da saukar da ita, kana tsaye a ƙasa, nan ne mugun rauni ya fi samun mutane, don iska na iya ɗaga ka kafin hannunka ya kai kan makunnin. Ras Sudur kuma ruwanta ba zurfi, abin da ya sa masu koyo ke son ta kenan, amma ƙasa tana kusa. Ko gwanaye ba su tsira ba. Lewis Crathern na Ingila ya faɗo a gasar King of the Air a Kef Tawun a 2016, sai da likitoci suka sa shi a dogon suma, daga baya ya warke ya koma ruwa.

Masu wannan wasa suna da wata ɗabi'a mai kyau: in nasu ya ji ciwo suna haɗa masa kuɗi, ko ba su san shi ba. Turawan da Auta ya koyar za su bayar in sun ji. Matsalar ita ce shafin tara gudummawa na GoFundMe ba ya barin mazaunin Masar ko Najeriya ko Sudan ya buɗe ya karɓi kuɗi, sai wanda ke ƙasashen da suka amince da su. Jamus tana ciki. Zan iya buɗewa da sunana, suna cire kusan kashi 3 cikin 100 na kowace gudummawa, sauran in turo. Amma sai da yardar Auta, kuma sai an ba ni hotuna.

Usman Mai Wurno:
Na gode Aminu. A nan ne muka sami saɓani a gida. Wata Baturiya cikin ɗalibansa ta zo dubiya, mutuniyar kirki, har kuka ta yi. Ta ce a ɗauki bidiyonsa a kan gado da robobi a jiki, wai shi ya fi taɓa zuciya. Mahaifiyarmu ta ce ba za a yi tallan ɗanta a duniya yana kwance ba sutura. Shi Auta ya yi shiru, ya juya fuska bango. Ni kuma bashi nake kallo. Ban san wanne zan bi ba.

Batun makaranta da Alhaji ya tambaya: mai wurin ya biya motar asibiti da wani ɓangare na kuɗin aikin. Ya ce iya ƙarfinsa kenan. Ba wata takarda tsakaninsu, a hannu ake biyan Auta.

Malam Habibu:
Kuɗin wanda ba Musulmi ba in ya bayar don taimako, ba laifi a karɓa. Hoton kuwa haƙƙin mai jikin ne. Shirun da ya yi amsa ce, Usman. Kada talauci ya sa mu karɓe masa abin da ya rage a hannunsa.

Aminu Hambug:
Ba sai na gado ba. A ba ni hotonsa yana kan ruwa, da wanda yake koyar da ɗalibi, da takardar likita a rufe sunan asibiti da lambobi. Mutanen nan sun san ma'anar karayar baya, ba sai an nuna musu roba ba. Wataƙila abin da za a samu ya ragu kaɗan, na yarda da hakan.

Kabiru Fagge:
Ni raina ne ya ɓaci. Yaro ya karye yana gwada kayanku, ku ce iya ƙarfinku kenan? A ba mu sunan makarantar mu watsa a Facebook da Turanci da Larabci, mu ga baƙon da zai sake zuwa wurinsu. Wallahi kwana biyu za su kawo kuɗin da kansu.

Sani Tafinta:
Kabiru, ɓacin ranka a kan gaskiya yake, amma ka tsaya. Wanda ba shi da izinin aiki, in aka yi hayaniya, shi ake fara tambaya me ya kai shi wurin. Kada mu je ƙwato masa haƙƙi mu jawo masa matsalar zama, shi da uwarsa. Kuma akwai sauran yara irinsa da ke cin abinci a wurin.

Abin da na sani ta wajen aiki: akwai umarnin firaminista na 2014 da ya wajabta wa asibitoci, har da masu zaman kansu, su karɓi mai buƙatar agajin gaggawa kyauta na awa 48 na farko. Ba ko'ina ake cikawa ba, amma ya kamata a duba takardar Auta a ga ko an caje su wannan lokacin. Inshorar lafiya ta bai-ɗaya da aka kafa da dokar 2018 ta isa Sina ta Kudu, sai dai 'yan ƙasa aka yi wa ita. Abin da ya rage masa shi ne katin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Usman, in yana da shi a kai rahoton likita a shigar da buƙata. Layin yana da tsawo tun da mutanen Sudan suka yawaita, kada a dogara da shi, amma a shiga.

Mai makaranta kuwa a je masa da manya, cikin mutunci. A nemi abu biyu: ya ci gaba da ba Auta wani abu duk wata, kuma ya tura wa tsofaffin ɗalibansa sanarwar Aminu, don lambobinsu suna hannunsa. Wannan na biyun ba zai ci masa ko sisi ba. Ni zan yi tafinta. Kuma ku sa ni cikin shaidun Malam.

Kabiru Fagge:
To. Amma in ya ƙi, maganata tana nan.

Hajiya Rabi:
Sai maganar riƙon kuɗi, don ita ke raba zumunci. Usman ɗana, kada ka ji wani abu, kare ka nake yi: kada kuɗin nan su shiga wayarka. Gobe wani zai ce ya ga ka sayi takalmi. A sami mutum uku. Ɗaya ya riƙe lambar Vodafone Cash ko InstaPay da za a riƙa turawa, ɗaya ya riƙe littafi, ɗaya ya riƙa zuwa biya yana karɓo rasit. Duk Juma'a a sa hoton abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ba ya son a ambaci sunansa a rubuta bawan Allah. Na zakka a ware shi daban kamar yadda Malam ya ce. Kuma a fara biyan mutanen da aka ci bashinsu, su ma ba masu shi ba ne.

Ni na ɗauki fam 500 duk wata har wata shida, in Allah ya kai mu.

Bashir Damagaram:
Na janye batun ɗori tunda masu sani sun yi magana. Ina da daren Litinin da na Alhamis. A koya mini yadda ake juya shi.

Nafisa:
Zan zo in nuna wa duk masu kwana a tare, da izinin ma'aikatan ɗakin. Ba a murɗa shi, kafaɗa da ƙugu tare suke juyawa, shi ya sa sai mutum biyu.

Alhaji Ɗanjuma:
Katifar iska da keken ni zan saya. Nafisa ki turo mini irin wanda ya dace. Amma da sharaɗi: ya yi mini alkawari in Allah ya tashe shi ba zai sake komawa wannan abu ba. Ba zan sa dukiyata a gyara baya a koma a sake karya shi ba.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri Alhaji, ya sa a mizani. Sharaɗin ne nake roƙon ka sauke. Wanda ke kwance ba ya iya cewa a'a, duk abin da ka nema zai ce to, alkawarin da aka karɓa a wannan hali kuwa nauyi ne kawai za a ɗora masa. Ka ba shi don Allah. In ya miƙe ka zaunar da shi ka yi masa nasiha irin ta uba, zai fi jin ka a lokacin.

Alhaji Ɗanjuma:
Nasihar zan yi ta, kuma ra'ayina bai canza ba. Kayan dai za su zo ba sharaɗi.

Usman Mai Wurno:
Allah ya biya ka Alhaji. Na karanta masa duk abin da aka rubuta. Ya yarda da hotunan ruwa, ya ce Aminu ya buɗe. Ya kuma wakilta Malam a kan kuɗin zakka. Katin hukumar yana da shi, gobe zan kai rahoton.

Game da komawa, ya ce shi yanzu ba ruwa ne a ransa ba, hayar ɗakin Inna ce. Ya ce akwai sana'ar gyaran lemar, in ta yage ana ɗinke ta da keke, ana like robar cikinta, kuma masu yi ba su da yawa, har daga garuruwan bakin teku na Guna da Dahab ake aiko wa wanda ya iya. Ya taɓa taya mai yi. A zaune ake yin ta.

Nafisa:
Wannan ya yi daɗin ji, kuma mai abin da yake sa rai a kai ya fi jure wahalar gashi. Amma ba yanzu ba. Sai likita ya yarda ya fara dogon zama, kuma a lokacin za a duba ko ƙafar dama za ta iya taka fedar keken ɗinki ko sai an mai da shi na hannu.

Alhaji Ɗanjuma:
In ɗinki ne, wannan sana'a ce. Idan lokacin ya yi a tuna mini.

Sani Tafinta:
Ga inda aka tsaya. Malam Habibu zai riƙe littafi, Hajiya Rabi lambar turawa, ni biya da rasit. Shaida na uku har yanzu ba a samu ba, Kabiru ko za ka je gobe? Zuwa wurin mai makaranta ranar Asabar, ni da Malam da Alhaji in zai samu dama, muna buƙatar mai mota. Masu kwana mutum biyar suka ba da suna, ana neman aƙalla wasu biyar don kada a gaji da wuri, daren Talata da na Laraba ba kowa.

Babban abin da ya rage ɗaki ne. Likita ya ce za a iya sallamarsa nan da mako biyu, kuma ba za a hau da shi hawa huɗu ba. Duk wanda ya san ɗaki a ƙasa ko gini mai lif a Faisal ko unguwar Hayyul Ashir, ƙofar banɗakinsa ta isa keke ya shige, ya yi mini magana yau.

Kabiru Fagge:
Zan je gobe bayan azahar. Akwai wani dillali a layinmu, bari in kira shi yanzu. Faɗin keken santimita nawa ne, Nafisa?